Goyon suruki a Dutsen Saur

Mijin 'yata ne ya sauko da ni daga Dutsen Saur na Makka, goye a bayansa, jama'a na kallo.

Sana'ata hawa da ruwa da biskit, ina sayar wa alhazai kusa da kogon da ke samansa. Tun ina da ƙarfi nake yi. Birai sun cika dutsen, ɓarayi ne, amma ƙasar Harami ce, ba a taɓa dabba. Ranar wani biri ya fizge min leda. Na ɗaga dutse zan jefe shi, na tuna inda nake, na ja da baya. Ƙafata ta faɗa rami, na ji ƙas.

Abokin sana'ata, wani tsohon Bacade, ya ɗauki wayata ya kira gida. Ban sa shi ba. Ba ni da ɗa namiji, sai 'yata ta turo mijinta, direban bas ne a unguwar Aziziyya.

Mu mutanen Sakkwato ne. Ban taɓa cin abinci gaban mutumin nan ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Shi haihuwar Makka ne, amma ya san wannan. Ya iso yana haki, ya tsuguna ya ba ni baya.

"Baba, hau."

"A bar ni nan."

"Wallahi Baba, in na koma ba kai, 'yarka ba za ta buɗe min ƙofa ba."

Na hau. Na rungume wuyansa, gemuna a kafaɗarsa, guminsa a bakina. Bacaden ya bushe da dariya. "Ango ya ɗauki amarya! A yi guɗa!"

A wani gangare ƙafar ta bugi dutse. Na yi ihu, na kira uwata da ta daɗe a ƙasa, hawaye suka zubo a wuyan rigarsa. Ya ji. Bai juyo ba, bai ce komai ba har muka isa mota. Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ƙafar ta warke. Bacaden ya aiko cewa wurina na nan, ba wanda ya zauna. Na ce ya ba wani.

Yanzu ina unguwar Mansur, bakin shagon wani tela, da faranti na goro da gyaɗa.