Yaya Hanatu, Ni Ce Na Binne Tsokar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, cikin azumi, Allah ya karɓi ran yayata Hanatu a gidanta da ke unguwar Amriguébé, bayan shekara guda tana fama da ciwon dajin mama.

Yaya, ke kika goye ni da mahaifiyarmu ta rasu. Ke kika koya mini ɗinki, kika bar mini kekenki ranar aurena, kika ce wai kin gaji da shi. Da allurar hannu kika ci gaba har ɗanki Salmanu ya yi karatu ya tafi Faransa binciken wannan ciwo. Kullum kina tsokanarsa a waya: "Malam mai kiwon ɓeraye, sun ci abinci?" Shi kuma ya yi ta bayani, cewa ciwon ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da maganinsa, kuma sukan dasa shi a jikin ɓera su gwada magani kafin a ba mutum.

Ranar da aka yi miki aiki, likita ya miƙo mini tsokar da aka cire, a cikin kwalba, ya ce in kai ɗakin gwaji a gano irin ciwon. Ni kuwa ɓerayen Salmanu na tuna. Na ce naman yayata ba zai shiga jikin ɓera ba. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na binne a bayan gida, kamar yadda muka taso muka ga ana yi wa duk abin da ya fita daga jikin mutum. Ashe dubawa kawai za a yi.

Wata biyar ana ba ki magani a kan zato. Da aka sake cire wata tsokar aka yi gwaji, aka ce irin naki yana da maganinsa, amma ciwon ya riga ya kai hanta.

Da Salmanu ya tambaya, cewa kika yi ke kika sa a binne. Kika hana ni magana: "Wasila, rufe bakinki, yaron nan ba shi da wata uwa bayana sai ke."

Salmanu, ba ita ba ce. Ni ce, kuma ban shawarci kowa ba. Na san kwana ba ya wuce lokacinsa, amma hakkinka ne ka sani.

Allah ya jiƙan Hanatu, ya haskaka kabarinta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Malam Zakariyya da dangi baki ɗaya. Kai kuma ɗana, in ka iya, ka yafe mini.