Malam Hamisu da takardu ukun Baba

Ina ɗaura buhun shinkafa a bayan mashin yau da safe aka kira ni. Wai Malam Hamisu mai buga littattafai na Talata Mafara ya rasu. Sai da na zauna a kan buhun.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni iyakata firamare. Abin da ya haɗa ni da shi littattafan Babana ne. Shekaru Baba yana rubuta yadda ake noma a garinmu Dakko tun yana saurayi, da sunayen irin shinkafar da suka ɓace. Yanzu idonsa ya yi rauni, burinsa ya karanta abin nan a buge da kansa kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Ranar da na kai aikin, na nuna wani rubutu mai lanƙwasa a kwamfuta na ce shi nake so. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai ɗan Dakko, katin biki za mu buga? Wanga ko mai ido huɗu sai ya yi hawaye."

Ya jawo mini kujera ya nuna mini haruffa masu 'yan ƙafafu a ƙasa, ya ce Turawa na kiransu serif. Ya ce su ke riƙe idon mai karatu a kan layi. Bai taɓa nuna mini cewa ban yi boko ba. In na je, shayinsa ma raba shi yake biyu.

Talatar da ta wuce, ranar kasuwa, ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Ya buga shafi ɗaya da kalar rubutu uku, ya sa musu lamba da biro.

"Tahi da su. Kada ka tambayi tsoho wanne ya hi kyau, kunya za ta sa ya ce duka. Ka ba shi ya karanta, kai ko ka dubi yatsanai."

Haka na yi. A na ɗaya yatsan Baba na bin layi yana ɓacewa. Na uku ya kai shi har bakin hanci. Na biyu kuwa ya ɗora hannu a gwiwa, ya karanta har ƙasa bai tsaya ba, sannan ya ce, "Ashe na iya magana haka?"

Yau nake da niyyar kai wa Malam amsa.

Ban san sunan rubutun ba, lamba biyu kawai ke jikin takardar. Bayan addu'ar uku zan kai wa babban ɗansa ita, mu zauna gaban kwamfutar mu duba ɗaya bayan ɗaya har mu gano shi. Ko kwana nawa ne zan zauna.

Allah Ya jiƙan Malam Hamisu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya haɗa da idon Babana, Allah Ya bar masa gani har littafin ya fito.