Ruwan Kyanwoyi da Karnuka na Malam Uwaisu

Shekara ashirin da biyu Malam Uwaisu ya yi yana koyar da Turanci a Zariya, kuma har gobe in ka ce masa Bature ya fi shi jin Turanci sai ran kowa ya ɓaci. Da ya yi ritaya, ɗansa likita ya ɗauko shi zuwa Edmonton, can ƙasar Turawa. Zaman gida ya ishe shi, sai ya fara yi wa ɗalibai 'yan ƙasar Sin darasi a wani shagon shayi a cikin garin.

A wurin Malam, zance ba karin magana miya ce ba gishiri. Da tsohon littafinsa na Zariya yake zuwa, ya sa su hadda. Wanda ya fi ƙauna shi ne na ruwan sama: in ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, wai Turawa cewa suke ana ruwan kyanwoyi da karnuka.

Cikin ɗaliban akwai wata mai suna Wen. Bizarta saura wata biyu, kamfani ɗaya kacal ya kira ta intabiyu. In bai ɗauke ta ba, sai gida.

"Kowace amsa ki ɗora mata karin magana," in ji Malam. "Da haka ake gane mai ilimi."

Su ma a ƙasarsu ba a yi wa malami musu. Ta haddace goma sha biyar. Ranar intabiyu aka wuni ana ruwa, Malam ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Bayan mako guda ta same shi a shagon, ko zama ba ta yi ba. Ta ce tun daga ƙofa ta fara da karin maganar ruwan, shugabar kamfanin ta yi dariya ta ce rabonta da jin wannan tun kakarta na da rai. Jiya suka rubuto: amsoshinta ba sa tafiya kai tsaye, sun ɗauki wani.

"Malam," ta ce cikin ladabi, "shekararka nawa a garin nan?"

"Tara."

"Ka taɓa jin wani ya faɗi na ruwan nan?"

Ya buɗe baki zai kare kansa. Ya tuno bas, asibiti, maƙwabta, jikokinsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗalibi ba.

"Ban taɓa ji ba," ya ce.

Ta ɗan rusuna ta yi masa godiya, ta ce jirginta na komawa gida ranar Talata ne.