Daron Gwaggo Indo

Illo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara nake da izinin yi masa tsiya. Ni in ce bawana ne, shi ya ce ni ce baiwarsa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Madarunfa, har na yi aure ma ban bar unguwar ba. Wannan karon dai ba tsiya na zauna yi masa ba. In ta suɓuce mini, sabo ne.

Tun yana ƙarami ba a ajiye abu mai ƙusa kusa da shi. Ya kwance rediyon babana yana shekara tara, ya mayar da ita, ƙusoshi uku suka rage a hannunsa, kuma rediyon ta ci gaba da magana. Ya sha duka duk da haka. A lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, mahaifinsa ya rasu ya bari. Ya yi shekara shida yana zuwa cin rani Kano, a can ya koyi gyaran salula. Ya yi aure sau ɗaya, auren bai yi ƙarko ba, kuma ban ga laifin matar ba, don mutumin da zai ci tuwo yana kallon cikin salular wani ba ya zaunuwa. Da ya dawo gida gaba ɗaya sai ya kafa 'yar rumfa a tashar Ɗan Isa. Kullum ya hau moto da safe, sai magariba ya dawo.

Abin da ya dawo da shi uwarsa ce, Gwaggo Indo. Duk wanda ya san Madarunfa ya san kindirmonta. Fulani su kawo madara da asuba, ta tafasa, ta bari ta huce, ta zuba iri, wato ɗan ragowar kindirmon jiya da ake sa wa a sabuwar madara don ta kama. Irin nan daga garinsu Gabi ta zo da shi, uwarta ta ba ta a ƙaramar ƙwarya ranar da aka kawo ta gidan miji. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa yankewa ba, na jiya ya haifi na yau. Kindirmon yana da kauri, tsaminsa kaɗan, da wani ƙamshi da ban taɓa ji a na kowa ba.

Sirrin a tafin hannunta yake. In an zuba iri, a rufe ƙwarya da faifai, a naɗe da tsohon bargo, ba a buɗewa ba a girgizawa. Gwaggo takan sa hannu ta ƙarƙashin bargon ta shafa cikin ƙwaryar, ta ce da saura, ko ta ce ya yi. In ya yi, a kai shi kan jiƙaƙƙen yashi gindin randa ya huce. In aka ɗauke da wuri ya zama ruwa, in aka makara ya yi tsami ya tsinke.

Sai ciwon suga ya cinye mata jin yatsu. Ranar da muka gane, ta tsoma yatsa a madara mai zafi har fata ta saluɓe, ita kuwa tana ta ba ni labarin biki. Na gwada karɓar aikin, na ɓata ƙwarya huɗu a jere. Hannuna bai san madara ba, ban ɓoye wa kowa ba.

Gwaggo ta ce wa Illo, "Ni ba sayarwa ta dame ni ba. Iri ne. Kada shi mutu ina da rai."

Ya ce, "Inna, ba shi mutuwa. Ni zan yi miki hannu."

Bayan mako uku wani direba ya kawo masa saƙo daga Kano. Wai odinatar ce, wato kwamfuta. Ni dai abin da na gani ɗan koren faranti ne tsirara, bai fi sabulun wanka girma ba. Ya haɗa masa batir da wata waya mai kan ƙarfe kamar ƙusa, wadda ake maƙalawa jikin ƙwarya ta riƙa auna ɗumi. Ya rataye tsohuwar salula a reshen dogon yaron tsakar gida, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi. Ya yi mini bayani kamar yana magana da akuya: salular tana watsa intanet ta iska, abin da ake kira wifi, ɗan farantin ya kama, ya lissafa ɗumi da lokaci, in kindirmo ya yi ya aika masa saƙo har Ɗan Isa. Shi kuma ya kira ni, in tsallaka in kai ƙwarya gindin randa.

Na ce, "To, bawana, yanzu nono ma sai ya buga maka waya?"

Ranar Juma'a ya gwada, ranar da ba ya fita. Ya zauna gaban ƙwarya a ɗakin Gwaggo tun safe kamar mai jiran gawa. Hantsi na dubar ludayi salularsa ta yi ƙara. Aka buɗe, kindirmo ya kama tsaf. Gwaggo ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Wanga nawa ne." Na ga hawaye a idon Illo, na kuma yi masa dariya, Allah Ya yafe mini.

Ranar Asabar ya tafi aiki. Saƙo bai zo ba.

Ya jira har azahar, ya kira ni a kan kintace. Na je na ɗauke, ya riga ya yi tsami. Da ya dawo da yamma ya tarar ɗan farantin yana nan da wutarsa, amma ya saki wifi tun ƙarfe bakwai da rabi na safe, jim kaɗan bayan fitarsa. Kuma halin abin, in ya saki ba ya sake kamawa da kansa sai an kashe an kunna. Ya kashe ya kunna, ya kama nan take.

Haka aka shiga. Kullum in yana gida lafiya lau, da ya juya baya abin ya mutu. Wata biyu da rabi Illo yana fama, tun sanyi na ƙarewa har bazara ta kankama. Ya sake lambar sirri. Ya ce salular kan bishiya tana janyo rezon Najeriya ne tunda iyaka kusa take, ya sake mata pus, wato sim. Ya goge katin ajiyar da ke cikin ɗan farantin ya sake zuba masa komai, har sau uku. Ya ce wataƙila abin yana barci ne don tanadin batir, ya shiga cikinsa ya hana shi barci. Ya ce zafi ne, ya ɗaura masa 'yar fanka da ya ciro daga matacciyar odinatar. Ya matso da salular daga bishiya zuwa bakin ƙofa. Ya je Maraɗi wajen wani ɗan jami'a, suka wuni suna gwadawa, abin bai saki ko sau ɗaya ba, ɗan jami'ar ya ce masa lafiyarsa ƙalau. Har mutanen da bai sani ba ya rubuta wa a intanet da guntun faransancinsa. Wani ya tambaye shi me ke tsakanin na'urar da salular. Ya amsa da gaskiyarsa, ya ce babu komai sai labule.

Ni kuwa ina gefe ina zuba tsiya. In ce abin ɗan gata ne, ba ya aiki sai uban gidansa na kallo. In ce ya kai shi wajen malam a yi masa tofi. Da farko yakan rama. Daga baya ya daina, ya rame, idanunsa suka faɗa. Wata rana ina gidanmu na ji shi ta katanga yana cewa shi kaɗai, "Mi na yi maka? Mi kake so?" Daga ranar na rage baki.

Kindirmon kuwa kullum a kan kintace ake ɗaukewa. Yau da wuri, gobe a makare. Bazara ba ta da alƙawari, ranar da aka kwana da zufa madara kan kama tun kafin hantsi, wata rana ta kai azahar. Iri ya fara rauni. Kauri ya ragu, ƙamshin ya ja baya, wani ɗaci ya soma biyo bayan harshe. Na zagaya gidajen da Gwaggo ta taɓa ba iri ko za a samu na asali, na tarar kowa ta gauraya da na wasu, wata ma da yawur, kindirmon kanti na leda. Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo kuwa takan ɗanɗana ta daɗe tana juya harshe.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina.

Gwaggo ba ta barin abin ci ko sha a buɗe. Haka aka tarbiyyantar da mu duka: in za ka bar ƙwarya, ka rufe, ka yi bisimilla. Faifai da bargo ba su isa ba a wajenta, saboda kaji da ɓeraye da abin da ido ba ya gani. Tana da wani babban daro na dalma, fari, mara nauyi. In akwai mai tsaro a ɗaki ba ta damu ba. Amma da zarar ta ji ƙarar moton Illo ta yi nisa, sai ta ja daron ta kife a kan ƙwaryar, har da ɗan farantin da batir ɗinsa, don tana tausayin abin da ɗanta ya sha wuya a kai, kada kaza ta tsattsage shi. In na zo ɗaukar kindirmo ni nake ɗage daron, mu wanke ƙorai a ciki, mu jingine shi a bayan ɗaki. Kafin Illo ya dawo ya bushe.

Ni ma na kife shi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ranar da ƙafa ta hana ta tashi takan ce, "Zulai, ruhe mini abin ga," in kife, in yi bisimilla, in tafi harkata. Illo ya sha tambayata ko wani yana taɓa na'urar. Na rantse masa ba mai taɓawa, kuma ban yi ƙarya ba. Wa zai kira rufe ƙwarya taɓawa? Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar Laraba ta ƙarshe, iri bai fi ludayi ɗaya da za a iya amfani da shi ba. Gwaggo ta ce in wannan bai kama ba shi ke nan. A jajibirin ranar Illo ya samu dabarar da za ta sa ɗan farantin ya riƙa sake neman wifi da kansa, ya kuma adana saƙonnin da suka kasa fita. Ya so ya zauna gida, amma akwai salular wani direba da ya yi alƙawarin bayarwa kafin motarsa ta tashi. Ya ce yanzu zai dawo. Direban ya makara, aikin ya ja, rana kuwa ta buɗe kamar an hura wuta. Saƙo bai zo ba. Bai kira ni ba, don ya gaji da kintace. Ya rufe rumfa ya taho da kansa, ya iso ana kiran azahar.

Ina ɗakin ina yanke wa Gwaggo farce ya shigo da ƙura a gira. Ya tsaya yana kallon daron.

Ya ce, "Wanga hwa?"

Na ce, "Daro ne mana. Yau ka fara ganin daro?"

Ya durƙusa ya ɗage. Wari ya tarbe mu tun kafin a yaye bargo. Madarar ta tsinke, ruwa rawaya a sama, kumfa a gefe. Muna cikin kallo salularsa ta fara ƙara a aljihu, ƙara bayan ƙara. Ya ciro ya duba. Saƙon farko tun ƙarfe goma saura aka rubuta shi, yana cewa ya yi, a ɗauke.

Ya mayar da daron ya kife. Ya dubi salula, lambar ɗumin da farantin ke aikowa ta tsaya. Ya ɗage, ta motsa. Ya sake kifewa. Sau uku ya yi haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali, "Ƙarhe ba shi barin wifi shi wuce." Na so ya zage ni, wallahi na so, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa ya yi nasara a kaina. Bai zage ni ba.

Gwaggo ba ta ji abin da ya faɗa ba. Ta ce a miƙo mata ƙwaryar. Ta tsoma yatsan da ba ya jin komai, ta kai baki. Sannan ta ce, "Wanga ba nawa ba ne. A ba akuya."

Na ɗauka na fita, na zuba wa akuya. Ta shinshina ta juya. Ina tsaye a tsakar gida da ƙwarya a hannu na ji Gwaggo na tambayarsa, "Illo, ka gano ciwon abin naka?"

Ya ce, "Na gano, Inna. Rezo ne. Rezon garin ga ba shi da kyau."

Ta ce, "Allah Sarki. Ka yi iya yinka. Allah Shi yi maka albarka."

Wata takwas ke nan. Fulani sun daina tsayawa a ƙofar gidan. Na taɓa kawo shawarar a sayo iri a kasuwa a sake farawa, tunda yanzu an san matsalar. Gwaggo ta ce mu yi in muna so, ita dai ba ta sha. Ba mu yi ba. Illo na nan yana zuwa Ɗan Isa, maganarsa ta ragu, kuma na daina ce masa bawana don ba ya amsawa.

Ɗan farantin yana inda yake a kusurwar ɗakin, Illo ya kasa ɗaukewa. Kowace safiya in moto ta tashi, Gwaggo takan lallaɓa ta kife masa daro, wai kada kaji su ɓata wa yaron kayansa kafin rezo ya gyaru. Jiya ƙafar ta hana ta tashi. Ta ce, "Zulai, ruhe mini abin ga."

Na ɗauko daron na kife, na yi bisimilla.