Yatsu Uku na Alwala

Idan na tuna wancan azumin, kogi ne ke fara zuwa mini, yadda yake ƙyalli ta tagar hafila, ƙaramar motar haya, muna haye gada daga Khartum zuwa Umdurman, ni da ƙishirwata da jakar kwamfuta a cinya. Shekarun nan ne kafin birnin ya watse, lokacin da babbar damuwar mutum ita ce kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke da rana tsaka. Yanzu komai na lokacin yakan zo mini kamar ta cikin labule, da ƙanshin gahawar jabana da ƙarar kekunan ɗinki.

Baba tela ne a Kasuwar Umdurman, layin masu jallabiya. Iyayensa auduga suka tsinta a gonakin Jazira har bayansu ya ranƙwafa, shi kuwa ya rantse ba zai sake taɓa auduga ba sai wadda aka riga aka saƙa. Tun kafin a haife ni yake kan teburin yanka ɗaya. Sai idanunsa suka fara yi masa gardama. Yana ganin layin alli a kan yadi, yana gane fuskar mai shigowa, amma rubutunsa na littafin awo ya koma masa tururuwa. Ya fara cewa a gida, kamar da wasa, wai lokacin ajiye almakashi ya kusa. Na san ba wasa yake ba. Na kuma san ranar da ya ajiye almakashin nan, zama zai yi a ƙarƙashin rumfar gidanmu a Alhilla Kuku ya ƙare a zaune, don Baba bai iya komai ba sai yanka.

Ni ce autarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Ina aiki a lokacin a wani ɗan ofis a Alsahafa, mu biyu ne masu rubuta manhajar waya, ni da wani dattijon injiniya da kowa ke kira Bashmuhandis, mutum mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Saboda Baba muka yi wata manhaja. Aka kwashe awon mutane daga littafinsa aka zuba a ciki, da hoton kowa babba. In ya danna fuskar mutum, wayar ta yi magana da Hausa, da muryata, ta ce tsawo kaza, faɗi kaza, hannu kaza, wato lambar da zai yanka a kai. Shi kuma yana da sandar awo da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, yana bin ta da ɗan yatsa. Ya koma yanka kamar yadda ya saba, har maƙwabtansa biyu suka roƙa a sa musu.

Matsalar ita ce manhajar ba ta ginuwa a ko'ina sai a kwamfutar Bashmuhandis. Abin da muke rubutawa ba shi ake sa wa a waya ba, sai an haɗa shi an gina, kamar dai gari da ruwa kafin su zama kisra, siririyar gurasar can. In na gwada a tawa, sai ta tsaya a tsakiya ta yi ta zubo jan rubutu. In na yi ƙorafi ya ɗaga kafaɗa ya ce da Larabci, yana kirana injiniya, "A wurina tana aiki, ya muhandisa." Wallahi da za a tara sau nawa na ji wannan magana! Ga shi kuma ya samu aiki a ƙasar waje, bayan Salla zai tafi da kwamfutarsa. In ya tafi, ranar da manhajar ta samu matsala ba mai iya gyarawa, wayar Baba ta yi shiru ke nan.

Sai na ce zan kafa mana injin da zai riƙa ginawa da kansa. Muna da rumbu a intanet inda muke tura duk abin da muka rubuta. Dabarar ita ce duk lokacin da ɗayanmu ya tura canji, ko harafi ɗaya ne, wata kwamfuta can nesa ta farka, ta buɗe kwantena, ta ɗebo aikin daga rumbu, ta gina, ta yi gwaje-gwaje. In komai lafiya ta nuna kore, in an samu matsala ta nuna ja. Kwantenar nan ba ta ƙarfe ba ce irin ta tashar jirgin ruwa. Wani ɗan ɗaki ne a cikin kwamfuta, sabo fil, babu komai a ciki sai abin da ka rubuta a takardar umarni cewa a sa. Ana gamawa a rushe shi, in an sake turo aiki a gina sabo. Abin da ya burge ni ke nan, ba ta tuna jiya, ba ta san kowa ba, abin da ba a rubuta ba a wurinta babu shi.

Kwana da kwanaki na yi ina wannan aiki cikin azumi. Nakan tura gyara, in jingina da kujera ina kallon ɗan da'irar da ke juyawa a allo, na'urar sanyaya ɗaki tana fesa iska mai ɗanshi, idona yana lumshewa. Sai in ga kamar ni ce a cikin ɗakin nan marar taga, ina shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a farin daɓe, wani lokaci ma in ga ruwan kogi yana wucewa ta ƙarƙashin ƙofa a hankali. In buɗe ido in ga ja. Wani kayan aikin da muke amfani da shi tsoho ne, ban faɗa wa kwantena ba, ta ɗauko sabo. In gyara, ja. Mabuɗin da ake sa wa manhaja hannu da shi yana kwamfutar Bashmuhandis, sai da muka ɓoye shi inda injin zai samu. In gyara, kahraba ta ɗauke, mu zauna muna fifita da takarda. Kowane ja wani abu ne da mutumin nan ya yi shekarun baya da hannunsa, ya manta ya yi.

"Bashmuhandis, kai fa kanka ne rumbun," na ce masa wata rana da raina ya ɓaci. "Da za a iya, kai zan cusa a kwantenar in huta."

Ya yi dariya ya ce ba zai shiga ba, yana da biza.

Gwaje-gwajen ni na rubuta su da kaina. Na ɗauko littafin Baba, na zaɓi mutane, na ce in an danna wane, lambar da za ta fito dole ta yi daidai da wadda ke littafi. A goman ƙarshe na azumi, wata Laraba da hantsi, allon ya yi kore. Na yi guɗa a ofis har mai shayin bakin titi ta leƙo. Ni dai Allah ya yi ni da son a ce na iya. Ban tsaya kwatanta sabon ginin da na kwamfutar Bashmuhandis ba. A ranar na haye gada na sa wa Baba a wayarsa, ina ta yi masa bayanin da bai tambaya ba.

Ranar Asabar ina shagon, wani Alhaji ya zo karɓar ɗinkinsa na Salla. Abokin Baba ne tun ƙuruciya a Jazira, maƙeri, damtsensa kamar taɓarya. Jallabiya ce da arragi, 'yar rigar cikin nan da ake sa wa ƙarƙashinta. Ya sa arragin ya gwada, yana juyi ana yi masa tsiya wai ango. Sai aka kira azahar. Bai cire ba, ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin shago. Ya wanke baki, ya wanke fuska, ya zo naɗe hannun riga ya wanke har gwiwar hannu, hannun rigar ya ƙi wucewa. Ya ja, ya sake ja, muka ji ɗinkin ya yi ɓarrr.

Wani tela na gefe ya yi dariya ya ce azumi ya ƙara wa Alhaji ƙiba. Alhaji ya ce ma'alesh, ba komai, a sake. Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi rigar ya shafa hannunta da yatsunsa, daga kafaɗa zuwa baki, sau biyu. Da aka dawo daga masallaci sai na ga ya ɗauko wani ƙyalle ya naɗe almakashinsa, ya sa a aljihun tebur ya kulle.

"Baba, mene ne haka?"

"Uwata, wayarki ta faɗi gaskiya, ni ne na kasa bin sanda," ya ce. "Yau hannun riga, gobe in ɓata wa mutum yadin da ya yi tanadi. Gara in tashi da mutuncina."

Washegari bai je kasuwa ba, a makon da teloli ba sa ko zama. Da aka sha ruwa ya taɓa abinci sama-sama ya ture.

Ni kuwa na isa ofis zuciyata na tafasa, na ce wa Bashmuhandis mu kwatanta ginin biyu. Muka danna hoton Alhaji a tsohon, muka danna a sabon. Faɗin hannu ya bambanta. Bashmuhandis ya dafe kai ya ce la haula. Ashe tun farkon aikin, wata rana da ya je shago ba na nan, Baba ya gaya masa cewa abin da ke littafi awon jiki ne kawai. Shi in zai yanka, yakan ƙara yatsu uku a faɗin hannu don alwala, saboda musulmi sau biyar a rana yake naɗe hannun rigarsa. Bai taɓa rubuta wannan ba, a hannunsa yake. Bashmuhandis ya auna yatsun Baba, ya sa lambar a wani ɗan fayil, irin waɗanda muka ware cewa kada a tura su rumbu don na saitin kwamfutar mutum ne. Kwantena ba ta sami fayil ɗin ba, sai ta ƙara sifili. Gwaje-gwajena kuma littafi suka sani, shi ya sa suka yi ta nuna kore suna yaba mini.

Na so in zage shi, sai na fasa. Shi ya manta, amma ni ce na yi gaggawa, ni ce kuma na girma a shagon nan ban taɓa tambayar me yatsun Baba ke yi a kan yadi kafin ya ja alli ba. Na rubuta sabon gwaji, na ce in hannun riga bai fi awon jiki da yatsu uku ba, a tsayar da komai. Na tura, ya yi ja. Na sa lambar a rumbu, na tura, ya yi kore. Ban yi guɗa ba.

A hafilar komawa gida na yi ta shirya ƙarya. In ce waya ce ta lalace, ko in sa wa Baba gyararren in yi shiru, in lallashe shi ya koma. Kunya ce ke cina, don na cika masa baki da injina mai aiki ba kuskure. Amma in na yi shiru, zai ci gaba da zaton idonsa ne.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa dab da magariba, an jera dabino da hilu-mur, abin shan buɗa-baki, a tire, hannayensa a kan gwiwa ba abin yi. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, da kwantena, da fayil, da yatsu uku. Ban san nawa ya gane ba.

"Tsaya, Uwata," ya ce. "Lambar da kika faɗa mini a waya, ita ce ba daidai ba?"

"Ita ce, Baba."

"Ni na yanka a inda aka ce?"

"Daidai inda aka ce. Ko zare ɗaya ba ka kauce ba."

Ya ɗago hannunsa na dama yana jujjuya shi. "Sai da hannun nan ya gaya mini fa," ya ce a hankali. "Ina jan allin na ji ya yi kaɗan. Na ce masa yi shiru, kai ka tsufa, muryar 'yata ce."

Nan na fashe da kuka. Na fi son a ce faɗa ya yi mini, amma bai yi ba. Ya goge idonsa da gefen rawani, ya ce in daina, gobe da sassafe za mu kasuwa, kada Alhaji ya je idi da tsohuwar riga. Ladan ya kira salla. Ni na kasa haɗiye ko dabino ɗaya, shi kuwa ya shanye kofin hilu-mur ɗinsa, ya miƙo mini ya ce in ƙaro.