Gwangwani Mai Jan Ƙyalle

Ban jin zan manta da Asabar ɗin da na duƙa ina shara na ga jan ƙyalle yashe a bayan kantar da muke jera gwangwanaye. Tsintsiyar ce ta suɓuce daga hannuna. Na san ƙyallen, kuma na san ba ƙasa ne wurinsa ba.

Ku da kuka zo aiki kwanan nan ba ku tarar da tsohon tsarin ɗakin girkin nan ba. Lokacin watana huɗu da fara aiki wajen Hajiya Hadiza, bayan na gama kwaleji. Kamar yanzu, gato na shokola, wato kek na cakulan, muke yi wa masu suna da biki a nan Tawa. Amma a da Hajiya ba ta rubuta suna a jikin komai. Fulawa, sukari, garin kakawo, duk cikin tsofaffin gwangwanayen madara suke, iri ɗaya, da ido take gane su. Guda ɗaya ta ɗaure wa jan ƙyalle ta tura ƙarshen kanta. Ranar da na fara aiki ta nuna mini shi, ta ce kakawo ne ta cakuɗa da maganin ɓera saboda ɓerayen sito, ko murfinsa kada in taɓa.

Da safiyar ranar Hajiya ta tafi ta'aziyya Bambeye, ta bar mini aiki ni kaɗai karo na farko: manyan gato biyu na sunan jikar Madam Rabi, wata malamar makaranta. Ana jajibiri mun wanke kantar, muka mayar da gwangwanaye yadda suka zo hannu. Na yi komai yadda aka koya mini. Na narka man shanu, na buga ƙwai da sukari har ya yi fari, na tankaɗe fulawa da kakawo sau biyu, na sa a murhun gas. Ƙamshin da ya tashi ban taɓa jin irinsa ba. Har cokali na lashe, ina yaba kaina. Kafin azahar aka zo da mota aka ɗauka.

Da na ga ƙyallen sai na bi gwangwanayen ina buɗewa. Biyu ne masu baƙin gari. Namu na kullum, mai lotsawa a gefe, yana nan cike. Ɗayan ne na kwashe rabi.

Na kira Hajiya sau shida, waya ba ta shiga. Na rungumi gwangwanin na tare kabu-kabu, ko takalmina ban tsaya nema ba, silifan banɗaki na zura.

Na iske gidan sunan cike da mata. Gato ɗaya ya ƙare ƙarƙaf, yara ne suka cinye shi, suna suɗe faranti. Wata baiwar Allah ta riƙe mini mayafi tana tambaya ko ni ce mai hannun nan mai albarka. Na ja Madam Rabi ɗaka na faɗa mata komai.

Ba ta yi ihu ba. Ta sa aka ɗauke gato na biyu ta kulle a ɗaki, ta fita ta tattaro yaran da suka ci, su tara, da mahaifiyarta da ta ci yanka biyu a ɓoye duk da ciwon sukari. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Ke fa, ɗiyata, kin ci?"

Na ce na lashi cokali. Ta dafa goshina, ta ce to da ni za a tafi asibiti, in riƙe gwangwanin da kyau likita ya gani. A lokacin kuka ya zo mini. Na zaci mari zan sha.

Abin da ya sa kuke ganin takarda manne a jikin kowane gwangwani ke nan, da rubutuna, har na gishiri. Abin da muke gasawa cikin ƴaƴan mutane yake shiga. In kun yi kuskure ku faɗa da wuri, ko da kuna jin ƙasa za ta tsage da ku. Ni har yau in na buɗe kakawo sai na tuna ranar, amma aikin nan ina son sa, kuma rabin masu odarmu daga sunan nan muka same su.

Ranar dai, ana kiran la'asar, muna cusa yara a mota, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Na faɗa mata cikin shessheƙa. Sai ta ce in ba Madam Rabi, ita kuwa ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Malama, ku sauke yaran nan. Babu maganin komi cikin wanga gwangwani. Kakawo ne tsantsa, mai kyawun, ɗiyata ke aiko mini daga Abijan. Na ce guba ne don ma'aikata da jikokina su bar mini shi."

Sai da Madam Rabi ta sa ta rantse sau biyu. Ni kam zama na yi daɓas a bakin mota. Tsohuwar da ta ci yanka biyu ta leƙo ta taga, ta ce to in haka ne a buɗe ɗaki a fito da ɗayan.

Aka miƙo mini wayar. Hajiya ta ce in share hawaye, ba abin da zai same ni, ba abin da zai sami kowa, laifin nata ne. Ta ɗan numfasa, sannan ta rage murya.

"Amma Mariyama, tsakaninki da Allah, rabi kika kwashe?"