Ban mutu ba da za a kunna ni a waya

"Baba, makirfon nan ba zai yi magana ba."

Haka mai kayan sauti ya ce mini jiya a Yindiski, fili cike da jama'a, ana jira in jero kakannin ango da Ngizimanci, aikin da nake yi tun ba a haifi uban angon ba.

Muryata ta tsufa, makirfon biki ba ya kamo ta. Shi ya sa maƙwabcina Bulus, mai kaɗa jita a coci, ya kawo nasa, wai kondensa, mai jin ko numfashi. Aka jona a amfilifayar jitarsa, na'urar ƙara sauti, shiru. Ashe sai an ba shi tasa wutar, amfilifayar kuwa ba ta bayarwa.

"Mu kunna wanda aka ɗauka a waya bara mana, Baba. Ai duk muryarka ce," in ji mai kayan sautin.

"Ɗan nan, mutuwa na yi? Na bara kakannin wani gida ne. Kai ranar aurenka uban wani za a kira maka?"

Na gyara zama, na ce ko tuwo zai huce ba na tashi. Bulus ya hau babur ya ɗauko wani ɗan akwatin wuta, ya sa tsakanin makirfo da amfilifaya. Na yi tari, fili ya amsa.

Da na iso sunan wanda ya haƙa rijiyarsu a Nangere, goggon ango ta rangaɗa guɗa tana share hawaye.

Ku masu cewa waya ta ishe ku, ku faɗa mini: kakanninku nawa za ku iya kira da ka?